Rawanin Baba Singh da Dilolin Alhaji

Abin da ya fi ba ni haushi da ku samarin yanzu shi ne yadda kuke raina loda. Wai ai jera kwali ne, ko jaki aka koya wa zai iya. To bismillah, ku zo ku jera mu gani. Na yi shekaru ina wannan aiki a Guangzhou, tun lokacin da Bahaushe zai yini a garin bai ga ɗan'uwansa ba sai in ya je masallaci, kuma har na baro shi ban gama koyonsa ba. Sunana Sani, amma a can ba wanda zai gane ni sai an ce Sani Loda.

Ranar da na fara, maigidana bai bari na taɓa kwali ko ɗaya ba. Ya nuna min wata kwantena da babu komai a cikinta, ya ce in shiga. Ina shiga ya mayar da ƙofa ya rufe. Zafi ya turnuƙe ni, ga warin fenti da na tsohon katako. Da ya buɗe ya ce, "Me ka gani?" Na ce duhu. Ya ce in koma. A karo na biyu na tsaya har idona ya saba, sai ga wani ɗan haske can a kusurwar rufi, bai fi kan allura ba. Ya ce, "Ta nan ruwan teku zai shiga kayan mutane." Ya kira direba ya ce ya mayar da ita ya kawo wata. Direban ya yi ta zazzaga masifa da Sinanci, maigida ko kallonsa bai yi ba.

Wannan maigida nawa shi ne Baba Singh. Ba'indiye ne daga yankin Punjab, dogo, mai furfurar gemu, da munduwar ƙarfe a hannun dama. Yana da sito a hanyar Huangpu, inda ake tara kayan 'yan kasuwa a haɗa su cikin kwantena ɗaya. Ni karatu ya kai ni China, kuɗin karatun suka yanke, shi kuma ya ɗauke ni saboda ina jin Hausa da Turanci da ɗan Sinancin kasuwa. Da Turanci muke magana, amma ya iya cewa "sannu da aiki" fiye da wasu 'yan bokon da na sani.

Mutanenmu in suka fara ganinsa sai su rusuna, "Salamu alaikum, Shehi." Akwai wanda ya taɓa matsa masa lamba wai ya ja mu sallar la'asar. Sai ya yi murmushi ya dafa ƙirji, ya ce shi ba musulmi ba ne, ba kuma Bahindu ba ne, shi Sikh ne, addininsu daban. Rawanin ne ke ruɗa su, alhali ko rawanin ba irin namu ba ne. Namu a kan hula ake naɗa shi, wani ma in zafi ya dame shi sai ya tuɓe shi ɗungurungum ya ajiye a gefe, in an yi baƙo ya mayar. Nasa babu hula a ƙarƙashi. Gashinsa ne, wanda almakashi bai taɓa hawa ba tun haihuwarsa, yake tajewa ya tufke a tsakiyar kai, ya rufe da ƙaramin ƙyalle, sannan ya bi da dogon yadi ninki bayan ninki har ya haɗa tsini a goshi. Kullum da safe sabon naɗi yake yi. Ba ya barin yadin ya taɓa ƙasa, ba ya kuma kwance shi a gaban mutane. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce min, "Sani, alkawari ne tsakanina da Ubangiji. Kuma alama ce, don mai neman taimako ya hango ni daga nesa."

Na ga abin da yake jurewa a kan wannan alkawari. Akwai wani filin ajiye kwantenoni kusa da tashar jirgin ruwa da ba a shiga sai da hular kwano. Hular ba ta zama a kan rawani, shi kuwa ba zai cire ba. Mai gadi ya ɗaga hannu yana "meyo, meyo", wato babu, ba hanya. Sai Baba ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana, mutumin da kayansa ne a ciki, ni in shiga da waya a kunne yana faɗa min abin da zan duba. Bai taɓa yi wa mai gadin faɗa ba, yakan ce dokar wurinsu ce. A wannan waya na koyi rabin sana'ar.

Kayan aikin ba su da yawa. Tef ɗin awo, tocila, wuƙar yanka kwali, igiya, sai maka ta rubuta suna. Amma kafin a ɗaga komai dole ka gama loda kwantenar a cikin kanka. Na tuna wata rana da aka kawo mana jakunkunan mata daga garin Shiling tare da tayil na wani mai gini. Kwalin jaka babba ne, ka gan shi ka ce zai ɗauki mutum, amma ciki duk takarda ce da iska. Leburori suka so su shimfiɗa su a ƙasa don sun fi kusa da ƙofa. Da na bar su, da jakunkunan sun isa Kano kamar an zauna a kan waina. Nauyi ƙasa yake zama, kuma a raba shi gaba da baya, in ba haka ba tirela ta kife a kwana. Turare da batir ba sa kwana kusa da yadi. Rufin kwantena yana gumi a kan teku, don haka ba a manna masa kwali. Layin ƙarshe kuma sai an ɗaure shi tamau, domin wanda zai buɗe ƙofar a Legas ko Kwatano ɗan wani ne, bai ci a jefe shi da janareto a ka ba. Bayan duk wannan akwai dokar Baba: ko kwali ya yage har kana ganin ciki, ba ka sa hannu sai mai shi yana tsaye ya ce bismillah.

Da na ƙware, Baba ya bar min ɓangaren 'yan Arewa. Ni nake nemo su, ni nake loda musu a sitonsa, ladan lodar nawa ne. Cikinsu babu kamar Alhaji Ɗanlami, ɗan Kantin Kwari, dilan shadda da leshi. Ba zan ce masa mugu ba, mutum ne da zai ciyar da kai har ka kasa tashi. Amma yana da ciwon 'yan Kwari, hannunsa ba ya ganin yadi ya ƙyale. Labulen otal, rigar direban tasi, shimfiɗar tebur a gidan abinci, sai ya kama da yatsu biyu ya murza, ya faɗa maka zarensa da masaƙarsa. A Kwari wannan kusan gaisuwa ce. Mutum zai murza hannun rigarka kafin ya tambayi iyali, kai ma ka ji daɗi an yaba. Na sha kama idonsa a kan rawanin Baba, har na ja shi gefe na ce, "Alhaji, don Allah ban da wannan. Ba a taɓa musu." Ya ce, "Haba Sani, ni yaro ne?"

Sai muguwar shekara ta zo. Aka matsa wa baƙi a kan biza, dala ta tashi, naira ta zube. Otal-otal ɗin unguwar Liuhua da a da sai ka yi roƙo kafin ka samu ɗaki suka koma kamar an yi shara. Mutanena suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji kaɗai ya rage mai cika rabin kwantena, sauran rabin in cike da tarkacen masu ɗan kaya kaɗan. Da aikinsa nake biyan hayar ɗaki, da shi nake aika wa gida. In ya juya min baya, na san babu abin da ya rage min a garin.

Ranar da abin ya faru ana wani irin zafi mai ɗauke numfashi. Mun riga mun shimfiɗa dilolin Alhaji a ƙasa tun daga ƙurya, don su ne masu nauyi, mun kuma ɗora kwalayen sauran mutane a kansu har mun yi nisa. Baba ya sunkuya a bakin kwantena yana duba lambar wata dila. Rawaninsa ranar shuɗi ne mai duhu, sabon yadi da aka aiko masa daga gida. Alhaji yana tsaye a bayansa. Ina daga ciki na ga hannun ya tashi. Kafin in buɗe baki ya kama ninkin ƙeya ya murza. Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma ɗan Kwari bai gama da yadi ba sai ya ga bakinsa, inda masaƙa ke sa alama. Ya laluba ya zaro jelar da aka cusa, ya ja. Naɗin ya sulɓe ya zubo a kafaɗar Baba, ƙaramin ƙyallen ciki ya bayyana, da furfura a gefen kunne.

Leburori suka fashe da dariya. Direba ya zaro waya zai ɗauki hoto, na diro na tare gabansa. Baba ya tallafe yadin da hannu biyu kada ya taɓa ƙasa, ya miƙe, ya taka har ofis ya rufe ƙofa. Tsohon da ya yarda rana ta gasa shi shekara da shekaru don kada ya tuɓe rawaninsa a gaban mai gadi ɗaya, yau an kwance masa shi a gaban leburori, a cikin sitonsa, kuma baƙona ne ya yi.

Alhaji kuwa yana ta murza yatsunsa kamar yadin na nan a tsakaninsu. Ya ce, "Kai! Sani, wannan shi ne yadi. Ba nauyi, ga laushi, ga riƙe rini. Wallahi in na kai wannan Kano kafin salla, malamai da masu sarauta sai sun yi layi. Je ka tambayo min inda ake saƙa shi."

Na ce, "Alhaji, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Me na yi? Yadi na duba."

"Na roƙe ka, na ce ban da wannan."

"To ai ba da gangan na warware ba. Ya sake naɗawa mana. Rawani ne fa, Sani, ba wani abu ba. Kuma ma mutumin nan ko salla ba ya yi."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na ce, "Alhaji, kai ka gaya min mahaifinka dagaci ne. Da wani baƙo zai zo ƙofar gidanku, tsohon yana sunkuye, ya ja masa rawani a gaban yaran gari don ya ga bakin yadi, me za ka yi masa?"

"Kai, kar ka haɗa min ubana da wannan."

"Shi ma uban wasu ne. Ni kuma maigidana ne. Ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar nan ka ba shi haƙuri."

Ya ja tsaki. "Shi ke nan, ji nan. Zaro bandir ɗin shadda guda cikin kayana, mai tsadar, ka kai masa. Ya naɗa har ya gaji."

Kun ji fa. A ganinsa yadi aka ɓata, sai a biya da yadi. Na ce masa ba kaya ake nema ba, bakinsa ake nema, ya je ya ce wa Baba ya yi haƙuri kawai.

Ya ce, "Ni in rusuna wa Ba'indiye saboda ƙyalle? Sani, ka manta wa yake riƙe da kai a garin nan? Ka san masu loda nawa ke bina suna roƙon aikina?"

Na ce, "Ban manta ba, Alhaji. Amma kayanka ba za su fita ta ƙofar mutumin da ka tozarta ba." Na juya ga leburori na ce a sauke.

Ku masu cewa aikin ƙarfi ne, ba ku san sauke kwantenar da aka yi nisa da lodawa ba. Dilolin suna ƙasa, kayan mutane suna kansu. Sai an kwance kowace igiya, an fito da kowane kwali, an jera na kowa daban kada su cakuɗe, sannan a kai ga dila. Shugaban leburorin ya dube ni ya ce, "Lawban, ka haukace?" Lawban shi ne maigida a bakinsu, amma ranar da izgili ya faɗe shi. Direba ya kwanta a kan oda. Alhaji yana gefe yana buga waya yana ambaton sunana da abubuwan da ba zan maimaita muku ba. Ni da kaina na shiga na riƙa turo dilolin, gumi yana shiga min ido.

Kuma matsalar ba ta ƙare da saukewa ba. Kwantenar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, domin kaya suna samun filin yawo, jirgi na tangaɗi suna dukan juna har su isa a farfashe. Ga mutane suna jiran kayansu, ba dama a fasa. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi sai ƙofar ofis ta buɗe. Baba ya fito, rawaninsa a naɗe tsaf, tsininsa a tsakiyar goshi kamar ba abin da ya faru. Bai dubi Alhaji ba. Ya karɓi tef daga hannuna, muka baje kwalayen ƙasa-ƙasa daga ƙurya har ƙofa, muka tokare su da katako, muka bi da igiya layi-layi. Sai da muka sa kwaɗo ya ce min a hankali, "Sani, ban sa ka ba." Na ce, "Na sani, Baba." Kwantenar ta tafi rabinta iska, asarar kuma a kanmu.

Alhaji ya kwashe dilolinsa ya kai wani sito. Kafin Juma'a labari ya zaga wai Sani ya fifita arne a kan ɗan'uwansa musulmi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Masu faɗar nan, a wane littafi suka karanta cewa a kwance wa tsoho kai a bainar jama'a? Mu da ko hular mutum ka ture a kasuwa sai an raba ku da ƙyar, mu ne za mu ce ba mu san darajar abin da ke kan mutum ba? Sun sani sarai. Sun dai ɗauka darajar tamu ce mu kaɗai. Wasu suka daina amsa gaisuwata, 'yan ƙananan masu kayan ma wasu suka bi Alhaji. Na kasa biyan haya, na kwaso tabarmata da buta na koma kwana a sito, tsakanin kwalaye.

Baba a saman siton yake zaune shi kaɗai, iyalinsa suna Punjab. Da na fara kwana a wurin sai na lura kowace safiya ina jin ƙofarsa tana ƙara, kamar ana jan ta ana saki. Ashe yadin rawanin nan, kafin a naɗa shi, sai an miƙe shi an naɗe gefunansa ciki, kuma aikin mutum biyu ne, kowa ya riƙe baki ɗaya. Shi da ba shi da na biyu, a mariƙin ƙofa yake ɗaure ɗaya bakin.

Wata safiya ina shan shayi na ji ya kira ni daga sama. "Sani, wanke hannunka ka hawo." Na wanke da sabulu na hau. Yana tsaye da ƙaramin ƙyallen a kansa, shuɗin yadin nan a hannunsa. Ya miƙo min baki ɗaya ya ja da baya har ƙarshen ɗakin. Ya ce, "Ja sosai, ba zai yage ba. Yanzu naɗe gefen damanka ciki, ni ma zan naɗe nawa." Muka ja, muka naɗe, ya riƙa tattaro shi yana matsowa har ya iso gabana ya karɓa. Ya ce, "A gida ɗana ne ke riƙe wannan bakin." Daga nan na sauko. Daga ranar mariƙin ƙofa ya huta, har kasuwa ta farfaɗo na sake kama ɗaki.

Ni ma fa ɗan Kano ne, yatsuna ba su mutu ba. Tun riƙon farko na san Alhaji bai yi ƙarya ba, yadin ba shi da na biyu. Wata rana na tambayi Baba inda ake samun sa. Ya faɗa min garin, ya faɗa min layin da shagon yake, har ya ce in ina so ya sa a aiko min. Ya ce ai ba sirri ba ne.

Bayan na dawo gida gaba ɗaya, na shiga Kwari neman yadin salla na yara, sai na yi kiciɓis da Alhaji a ƙofar shagonsa. Ya tsufa, amma hannun na nan, muna gaisawa yana murza hannun rigata. Ya sa aka kawo min ruwa. Muka taɓa hirar China sama-sama, sai ya matso ya rage murya.

"Wai Sani, yadin nan na Ba'indiyen nan. Na neme shi har na gaji. Ka taɓa gano ko wane iri ne?"

Na ce, "Na gano, Alhaji. Da hannu biyu na riƙe shi, shi ya miƙo min."

"To a ina ake samu?"

Na ajiye kofin ruwan na miƙe. Na ce, "Da ranar nan ka zagayo ta gabansa ka tambaye shi, da har shagon ya kwatanta maka."